Kwanon Ruwan Yaya Nafi'u

Ranar Talatar da ta wuce yayana Nafi'u ya cika shekara uku da rasuwa. Ba ni na ƙirga ba. Innarmu ce ta faɗa tana tsince wake a tsakar gida, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce sau uku ke nan ana yankan gero babu shi. Daga nan ta ce in miƙo mata faifai. Na miƙa mata, na shiga ɗaki na ɗauko biro da takarda.

Waɗanda suka san Daura ta wajen hanyar Zango za su tuna rumfarsa ta langa-langa, da benci ɗaya a gindin darbejiya. Bakaniken mashin ne. Waɗanda ba su san shi ba kuwa, in har sun ji sunansa, to da magana ɗaya suka ji shi: wai shi ne bakaniken nan da ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwar mashina, har wanda ya saita da hannunsa ya kashe shi. Shekara uku ana faɗin haka a majalisu da tashar 'yan kabu-kabu. Ba haka aka yi ba. Ni ce a bayansa a kan mashin ɗin ranar, ni kaɗai na san yadda aka yi, kuma sai kwanan nan na buɗe baki. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Bari in fara da aikin, don wanda bai gane aikin ba ba zai gane mutuwar ba.

A kan kafireto Yaya ya koyi sana'a, kamar kowa. Da kunne ake saita shi da ɗan sukudireba, a juya, a saurara, a sake juyawa. Sai aka fara shigo da wasu mashina, yawanci ta wajen Kongolam, kan iyakar Nijar, waɗanda babu kafireto a jikinsu sam. A maimakonsa akwai wani ɗan bututu da ke fesa mai cikin inji, makanikai na ce masa injekta, da wani ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin sit wanda shi ke ba da umarnin yawan man da za a fesa. Wannan akwatin shi ake kira ƙwaƙwalwa. Babu inda mutum zai sa sukudireba. Yawancin makanikai suka ce wannan ba mashin ɗin talaka ba ne. In an kawo musu, sai su kwance kayan su ɗaura kafireto, a wuce wurin. Yaya bai yarda ba. Ya tafi Kano ya zauna wata biyu wurin wani mai gyaran motoci, ya dawo ya rame, da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi da wata waya da ake jonawa a ƙarƙashin sit.

Ina aji huɗu na sakandare a lokacin. Ni ke karanta masa Turancin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ya laƙaba mini suna Injiniya, har Inna ta ɗauka. Abin da ke fitowa a kwamfutar gidaje ne layi-layi, kamar ramukan dara, kowane gida da lambarsa. Ya ce mini kowane gida amsa ce ga tambaya ɗaya: in an murɗa totur kaza, inji yana juyawa kaza, mai nawa za a ba shi? Gidajen can ƙarshe na gudu ne, na wanda ya hau kwalta ya ba shi wuta. Gidajen farko kuwa na lokacin da mutum ya ɗan taɓa totur ne, zai tashi daga tsaye, ko yana ratsa kasuwa, ko yana lallaɓawa cikin yashi da mai goyo a baya. Ya kan ce duk wanda ya kawo mashin gidajen gudu yake tambaya, alhali yininsa duka a gidajen farko yake yin sa.

Babban ciwon waɗannan mashina fizga ce. In an saki totur mai ya yanke ɗif, in an taɓa shi kaɗan ya dawo gaba ɗaya, sai mashin ya zabura. Mai tuƙi yana riƙe da kan mashin, bai cika ji ba. Na baya ke shan wuya. Shi ma Yaya bai san haka ba sai ranar da ya ɗauko Inna daga asibiti, bayan an yi mata aiki a ciki, a kan wani irin wannan mashin da ya ara. Tun daga asibiti har gida ba ta ce uffan ba. Da aka sauke ta sai muka ga ta ciji leɓe har ya yi jini. Ta ce, “Nafi'u, wannan abin naka duk tashin da zai yi sai in ji kamar ana warware mini ɗinkin.” Ya daɗe tsaye a ƙofar gida yana kallon mashin ɗin. Washegari ya ɗauki kwanon shan Inna na silba ya tafi da shi rumfa, bai ko tambaye ta ba.

Ga yadda ya koma yin aiki daga ranar. In aka kawo mashin, ba ya taɓa komai. Ba ya kwance ko noti ɗaya, ba ya jona kwamfuta. Sai ya cika kwanon da ruwa, ya bar faɗin yatsa ɗaya daga baki, ya ɗora wani a baya ya riƙe da hannu biyu, ya hau mashin ɗin a yadda aka kawo shi. Daga rumfa ya bi kwalta, ya sauka burji, ya ratsa yashin da ke kusa da wani kwalbati, ya juyo. In sun dawo ya duba ruwan da ya rage. Sannan ya fara aiki. Ya wanke injekta, don man kwalba na bakin hanya yana toshe shi da datti. Ya kakkaɓe soson da ke tace iska. Ya zaro fulogi ya kalla: in baƙi ƙirin ne mai ya yi yawa, in fari fat ne inji na jin yunwa, shi kalar ƙuli-ƙuli yake nema. Sai a ƙarshe ya shiga gidajen darar nan, ya ƙara kaɗan a nan, ya rage kaɗan a can, a sake cika kwano, a sake hawa. Wani mashin sau biyar, wani har a gaji da ƙirga. Ba ya miƙa makulli sai kwano ya dawo yadda ya tafi.

Da farko abokin aikinsa Hamisu ne ke riƙe kwanon. Sai Yaya ya gano Hamisu na lanƙwasa hannu yana tare ruwan don a tashi aiki da wuri. Ya gwada ɗaure kwanon a kan buhu, ya ce buhu ba ya faɗin inda ya ji ciwo. A ƙarshe ya ce ni zan riƙa zuwa in an tashi makaranta, don ni ce na fi kowa tsoro a gidanmu, kuma matsoraci ba ya yi wa mashin kara. Shekara biyu na riƙe masa kwano. Muna tafe zai ce, “Injiniya, ya zube?” In ce ya zuba a ƙafata, ko in ce saura ƙiris. Ba ya waiwayowa. Idonsa na kan hanya, kunnensa na wurina.

Ba kowa ke son aikinsa ba. Na tuna wani ɗan kabu-kabu da ya zo ya ce, “Oga Nafi'u, ni fa so nake in na murɗa ya ɗaga ƙafar gaba.”

Yaya ya ce, “Me kake ɗauka, mutane ko buhun siminti?”

“Mutane mana.”

“To je ka kawo matarka ta riƙe kwano. In ta yarda, sai in yi maka.”

“Ai ni ba ni da mata, Oga.”

“Da wannan tuƙin ma ba za ka samu ba.”

'Yan benci suka yi ta dariya, mutumin ya ja mashin ɗinsa ya kai wani wurin. Amma masu kai mata awo asibiti, da masu ɗauko nono daga ruga, da masu jigilar ƙwai, su suka san shi. Wata mai nono ta taɓa aiko masa da man shanu a kwalba, ta ce tunda aka kai masa mashin ɗin ɗanta ƙwaryarta ba ta ƙara zuba ba.

Ranar da abin ya faru Talata ce, bayan la'asar, ƙarshen damina. Wani saurayi mai jigilar kaya daga Kongolam ya kawo jan mashin. Ya ce a wani gari aka saita masa shi don gudu, gudun ya samu, amma sau biyu yana kusa yar da shi. Ya ajiye makulli ya tafi cikin gari. Hamisu ba ya nan, ya je sayo kayan gyara. Kwamfutar tana cikin jakarta a rataye jikin ƙusa, Yaya ko buɗe ta bai yi ba. Wannan nake so mai karatu ya riƙe: bai taɓa mashin ɗin ba. Hawa na farko ne, na jin ciwo, irin wanda yake yi wa kowane mashin.

Tun daga rumfa ruwa ya fara tsiyaya a kan zanina. Ya ce, “Wannan kam an haukata shi.” A kwalta muka tafi lafiya. Da muka sauka burji ya rage gudu, ya saki totur zai shiga yashi, sannan ya ɗan taɓa shi. Mashin ya zabura. Ruwan gaba ɗaya ya watso mini a fuska, kwanon ya kuɓuce, na ji na yi baya zan faɗi. Na ƙwalla ƙara na kira shi. Ba Yaya na ce ba, Nafi'u na ce, sunan da ban taɓa kiran sa da shi ba tun da na yi wayo. Ya waiwayo. Tayar gaba ta nutse a yashi, kan mashin ya karkace, hannunsa ya ƙara murɗa totur, muka nufi bakin kwalbatin. Ni na faɗa cikin gonar gyaɗa na karye a kafaɗa. Shi kansa ne ya bugi kankare. Bai sa hular kwano ba. Kusan babu mai sawa a nan, amma wannan kuskurensa ne, ba zan ɓoye ba. Kafin a kai asibiti ya cika.

Ina kwance aka yi jana'iza. Mai jan mashin ya zo ya ce shi dai ya ba marigayi ya saita masa, ya kwashi abinsa, ba a sake ganin sa ba. Mutane suka haɗa maganar da kansu: ya saita, ya hau gwaji, saitin ya kashe shi. Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce ban tuna komai ba. Ina tunawa. Har ɗanɗanon ruwan randar da ya shiga bakina ina tunawa. Amma na san in na ce bai taɓa mashin ɗin ba, za a ce to ta yaya Nafi'u, wanda ya hau mashina masu fizga ba iyaka bai taɓa faɗuwa ba, ya faɗi a yashin da ya sani kamar tsakar gidansu? Amsar kuwa ƙarata ce. Na ji tsoron idon Inna in ta ji. Sai na bar sunansa ya ɗauki laifin, ni na yi shiru.

Tun daga nan ban sake hawa mashin ba. Duk inda za ni a ƙafa nake zuwa, inda ƙafa ba za ta kai ba in haƙura. Bikin babbar ƙawata a garin Babban Mutum ban je ba, har yau tana jin haushina. In wani ya murɗa totur a ƙofar gida hannuwana su kama rawa, in na riƙe kofi sai na ajiye. Inna ta kai ni wurin malami, an yi rubutu na sha, ta kai ni asibiti an ce firgita ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba.

Na kan zauna in ce, da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Mai ya yi tsada, waɗanda da suke neman gudu yanzu neman rage shan mai suke. Masu saiti sun yi yawa, kowa da wayarsa. Wani ya matse wa inji mai har ya riƙa mutuwa a tsakiyar mararraba, ya yi zafi kamar murhu. Wani ya kwaso saitin da aka yi don wata ƙasa mai sanyi da santsin titi ya zuba wa mashin ɗin da zai ratsa yashin Zango da buhu biyu. Na ji an fara ganin masu aiki da lantarki ma, babu mai babu ƙara. Na san da ya gan su da ya manta da abinci yana leƙa cikinsu. Ba na jin zai yi fushi da kowa, ba mai fushi ba ne. Tambaya ɗaya zai yi wa duk wanda ya ce ya gama saiti: wa ya zauna a baya?

Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne abin da ya faru a rumfarsa. Hamisu ya ci gaba da zama a ciki, amma ya rantse ba zai taɓa kwamfutar ba. Waɗanda Yaya ya saita wa mashina suka tsorata, suka riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa a cire musu aikin marigayi. Hamisu ya kwance injekta, ya ɗaura kafireto, ya jefa ƙwaƙwalwar a kwali. Ina jin labari daga gida. Duk wanda aka cire, na san ranar da muka yi shi, na san ruwan da ya jiƙa ni a kansa. Ban ce komai ba.

A watan da ya wuce Malam Iro ya zo gaida Inna, kamar yadda yake yi lokaci-lokaci. Dattijo ne, tsohon ma'aikacin dabbobi, har yanzu yana yawon allurar shanu ruga-ruga da akwatin kwalaben magani ɗaure a bayan mashin. Nasa ne na ƙarshe da Yaya ya gama. Ina bayan labule na ji yana cewa, “Hajiya, yara sun taso ni gaba, su da uwarsu. Wai ranar Asabar sai an kai wa Hamisu an cire aikin marigayi kafin ya kashe ni. Ni dai ban ga laifinsa ba, shekara uku ko kwalba ɗaya ba ta fashe mini ba. Amma na gaji da magana.” Inna ta ce Allah ya sa haka shi ne alheri. Na san a garin nan babu sauran wani mashin mai aikin Yaya sai wannan.

Washegari da safe Inna na dama koko, na zauna kusa da murhu na faɗa mata komai, tun daga jakar da ke rataye har sunan da na kira. Ban kalle ta ba. Ludayin ya tsaya.

Ta ce, “Ke kika kira shi, ya juyo?”

Na ce e.

“To da yaya kike so ya yi? Ƙanwarsa za ta faɗi, ta kira shi. Da bai juyo ba ai da ba ɗana ba ne.” Ta ci gaba da damu. Can ta ce, “Kwanansa ne ya ƙare, ba ke kika ƙarar ba. Amma ki faɗa mini, shekara uku muna kwana ɗaki ɗaya, kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ni ba uwarki ba ce?”

Wannan ne ya ɓata mata rai, ba wancan ba. Yini guda ba ta yi mini magana ba. Da yamma ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta ciro kwanon. Ashe mai gonar gyaɗar ya tsince shi ya kawo mata tun a kwanakin zaman makoki. Ya lotsa a gefe ɗaya. Ta ajiye a gabana ta ce, “Ranar Asabar ki je ki faɗa wa Hamisu. Ni kin faɗa mini, saura masu ɓata masa suna.”

Na je a ƙafa. Na tarar da Malam Iro da babban ɗansa, da Hamisu riƙe da sifana zai fara kwancewa, da 'yan benci kamar kullum. Na faɗi abin da na faɗa wa Inna. Hamisu ya ajiye sifanar. Ya miƙe ya sauko da jakar daga ƙusa, ya kaɗe ƙura ya buɗe. Wayar tana nannaɗe da robar taya, ɗaurin da Yaya ke yi in ya tashi aiki. Ya ce, “Wallahi a rataye na same ta ranar. A rataye. Shekara uku ina kallon ta ban taɓa tambayar kaina ba.” Ya zauna a ƙasa da jakar a cinya.

Ɗan Malam Iro ya ce shi Allah ya jiƙan marigayi, amma magana magana ce, ran tsohonsu ba abin wasa ba ne. Wani daga benci ya ce to a gwada mana irin yadda marigayi ke yi. Aka cika kwanon. Aka ce Hamisu ya riƙe, wani tsohon ɗan kabu-kabu ya ce, “Wa? Wannan mai lanƙwasa hannu?” Aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu. Malam Iro ya kwance akwatin magani ya ajiye, ya hau, ya juyo ya ce, “Injiniya, 'yata, in ba za ki iya ba babu dole.”

Ban san abin da ya ɗaga ƙafata ba. Na hau. Tun ba a tada inji ba ruwa ya fara zuba a gwiwata. Ya tada, ya sa giya, na runtse ido ina jiran fizgar. Mashin ya tashi kamar an ɗauki jariri mai barci. Muka bi kwalta, muka sauka burji. Na buɗe ido na ga kwalbatin, an yi masa sabon farin fenti. Malam Iro ya saki totur ya shiga yashi, ya ɗan taɓa shi, mashin ya ɗauka a hankali ya fita da mu. Ban yi ƙara ba. Haƙorana ne kawai ke haɗuwa. Muka juyo.

Da muka dawo rabin ruwan babu. Ɗan Malam Iro ya leƙa ya ce, “To ai ya zube.”

Hamisu ya ce, “Ya zube tun mashin na tsaye, ina kallo. Hannunta ne. Kai hau ka riƙe, tunda kai ne mai shakka.”

Aka sake cika kwanon, ɗan Malam Iro ya naɗe rigarsa ya hau bayan mahaifinsa. Muka zauna muna jira, ni a gindin darbejiya na cusa hannuwana tsakanin gwiwoyi. Suka dawo. Faɗin yatsa ɗaya daga baki, yadda ya tafi. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya kafa kai ya shanye ruwan, ya miƙa wa Hamisu, ya ce, “Baba, ɗaura akwatinka mu tafi gida.”

Malam Iro ya ce zai rage mini hanya, na ce a'a. A ƙafa na koma. Kada wani ya ɗauka na warke. Jiya ma wani ya murɗa totur a lungunmu na saki kofi ya fashe. Hamisu ya aiko wa Inna cewa yana so ya buɗe kwamfutar, yana neman mai karanta masa Turanci, kuma ya yi alkawarin sayen hular kwano biyu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Yaya bai yi aure ba, bai bar ɗa ba, bai gina ko ɗaki ba. Hotonsa ɗaya gare mu, shi ma ya kau da kai. In na auna abin da ya rage nasa a duniya, sai in ga 'yan lambobi ne a cikin baƙin akwati a ƙarƙashin sit ɗin wani dattijo. Kullum da safe suna fita ruga, suna auna mai ɗigo-ɗigo yadda ya gaya musu, don kada kwalba ta fashe, kada ɗinkin wata ya warware. Ba shi da yawa. A dā irin akwatunan nan sun cika kwali guda, na bari aka zubar da su ina ji ina gani, kuma wannan ba zan iya mayarwa ba. Na dai tsayar da na ƙarshe. Kwanon kuma ya koma rumfa, an kafa masa ƙusa kusa da jakar.

Ga masu saiti na yau, ba ni da ilimin da zan koya muku. Roƙo ne kawai: kafin ku miƙa makulli, ku ɗora wani a baya, mai tsoro, ku tambaye shi.

Allah ya jiƙan Yaya Nafi'u, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kabarinsa ya yi masa sanyi, tare da duk Musulmin da suka riga mu. Wanda kuma ya sake jin an ce saitinsa ne ya kashe shi, ya ce ƙanwarsa ta ce ba haka ba ne. Ina bayansa ranar. Bai taɓa mashin ɗin ba. Ni na kira, shi kuma ya amsa.